Yadda Baba Nomau Ya Raba wa Turawa Dangi

Kwanan baya wasu samari biyu suka shigo shagona a nan Birnin Kebbi, ɗaya ya ɗauko kwamfuta, ɗayan ya ɗauko baki, wai sun zo in ba su aikin fassarar fim. Na tambaye su me suka iya. Suka ce Turanci. Na ce madalla, ashe an gama. Sai na sa musu wani fim ɗin barkwanci na Turawan Ingila, na ba su benci, na koma ina tura wa mutane finafinai a waya. Da na waiwayo sun fassara kowace kalma daidai, ba su ci ko wasali ba, kuma abin da suka haɗa ko a gidan makoki aka sa shi ba mai cewa an yi rashin ladabi. Babbansu ya ce ai laifin fim ɗin ne, ba abin dariya a ciki. Saboda su da irinsu nake wannan rubutu, don na lura in ana yi musu magana ba sa ji, amma in abu ya shigo waya sukan karanta.

A Argungu na koyi sana'ar nan, lokacin da fim yake zuwa a kaset mai girman bulo. Gidan kallon wata rumfar kwano ce a bayan kasuwa, ta Alhaji Mamman mai albasa, rabi kallo rabi ajiyar albasa, shi ya sa ko fim ɗin dariya ake yi sai ka ga mutum yana share ido. Ba a naɗar murya a lokacin. Mai fassara zai zauna gefen talabijin da makirfo, a rage maganar Turawa, shi kuma ya riƙa zuba Hausa kai tsaye, shi ne namiji, shi ne mace, shi ne karen gidan in ya yi haushi. Kayan aikinmu ba su wuce bidiyo, amsa-kuwwa mai tari, janareta mai zuciya, da citta a aljihu saboda maƙogwaro ba. Sai faifai, irin na rufe ƙwarya. Wannan nawa ne. Ni da na gama sakandare har na taɓa koyarwa a firamare, da gemuna, aikin da aka fara ba ni shi ne in ga Bature ya nufi Baturiya da baki in rufe talabijin da faifai har su gama. Na daɗe a kan wannan muƙami, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa kama ni da jinkiri ba.

Maigidana shi ne Baba Nomau. Turancinsa bai kai nawa ba, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Direba ne a da, ya tuƙa wani Baturen Ingila da ya zo aikin noman rani, daga baya ya tuƙa wani Ba'amurke mai haƙa rijiyoyi. Daga su biyun nan ya haɗa duk karatunsa. Yakan ce Ba'amurken in zai ba da labarin dariya sai ya sanar da kai cewa ga shi nan tafe, ya ba da shi, ya riga ka yin dariya, sannan ya ɗaka maka duka a baya don ka tabbatar an gama. Shi kuwa na Ingilan, ranar da motarsu ta nutse a fadamar Zauro har ruwa ya kai kujera, sai ya fito ya hau saman mota, ya kunna lofe, ya dubi agogo, ya ce da alama yau za su ɗan makara. Baba Nomau ya ce sai da ya kwana ya tashi sannan ya gane wasa mutumin yake, ya fashe da dariya shi kaɗai a bakin rijiya har mata suka matsa.

Fim ɗin farko da aka bar ni in riƙe makirfo na Amurka ne, wani ƙaton mutum ya tafi kamun kifi da abokansa. Ya taka igiya ya faɗa ruwa, ya fito da kifi a wando, ya sake faɗawa. Masuntan Argungu suka yi ta dariya, rabi don faɗuwar, rabi don yadda yake riƙe taru. Na fito ina jin kaina, sai Baba Nomau ya ce ko ɗan'akuya aka ba makirfon haka za a yi dariya. Gaskiyarsa. Ba'amurke ba ya barin ka da aiki. Fuskarsa tana wasa, hannunsa yana wasa, wani lokaci har dariyar wasu mutane yake naɗowa ya saka a ciki, ko da ka manta a tuna maka. Jaruminsa mai baki ne, shi ke yi wa kowa ba'a, kuma a ƙarshe shi zai ci riba. Wahalarsa ɗaya ce, ƙarshen fim. Duk iskancin da aka yi, sai an zo an rungume juna, ɗa ya dubi ubansa ido cikin ido ya ce yana ƙaunarsa, uban ya fashe da kuka. Wa zai faɗi wannan a gaban manoman Augie? Baba Nomau yakan fassara dogon jawabin uban da cewa, to Allah shi yi maka albarka, tashi ka ba ni wuri.

Na Ingila kuwa shi ne inda ake sanin mai sana'a. Mutum zai shigo da fuska kamar ya zo gaisuwar mutuwa, ya yaba maka abincin da ya kasa haɗiyewa, ya gode maka da cutar da ka yi masa, gidansa yana cin wuta ya ce ɗakin ya ɗan yi ɗumi. Jaruminsu ba jarumi ba ne, wani ne da ke son a ga girmansa alhali rigarsa ta yage ta baya, kuma haka zai ƙare, ba runguma ba wa'azi. Abin dariyar shi ne kunyar da yake sha yana riƙe da fuska. Mu ma ai muna da wannan, gatse ke nan, kuma mutanen Kabi ba sa neman malami a kansa. Sai dai gatsenmu yana da masu shi. Jika ya yi wa kakansa, taubashi ya yi wa taubashinsa, mahauci da masunci, Bakatsine da Bakabe. Bature kuwa bai san wannan ba, kowa yake yi wa, har wanda ya haife shi. In ka fassara shi yadda yake, ba dariya za a yi ba, salati za a yi, a ce yaron nan ba shi da tarbiyya.

Don haka kafin Baba Nomau ya buɗe baki a kan fim ɗin Ingila, sai ya zauna ya raba wa Turawan dangi. Zai duba wa ke yi wa wa baƙar magana. In sa'o'in juna ne, sun zama taubasai. In mai shago ne da mai saye, ɗaya ya zama mahauci ɗaya masunci, ko da kuwa takalma ake sayarwa a shagon. Da zarar ya sanar da jama'a dangantakar, sai ka ga kafaɗu sun sauka, kowa ya gyara zama, zagin da zai sa a tashi ya koma abin da ake roƙon a maimaita. Wannan ita ce sana'ar, kuma ba ta cikin kwamfuta, na duba.

Sai shekarar ambaliya ta zo. Gulbi ya cika ya haura, shinkafa tana gab da yanka ta kwanta a ƙarƙashin ruwa tun daga fadamar Argungu har Augie. Gonar Baba Nomau ko kara bai tsira ba, ga iyali cike da gida, ga shekaru sun hana shi komawa tuƙi. Makirfon nan shi ne tukunyarsa. A wannan shekarar kuma wani gidan kallo a wata unguwa ya nuna abin da bai kamata ba, aka rufe shi, mai unguwarmu ya aiko cewa ƙara ɗaya in ta zo masa a kanmu, mu ma mun bi sahu. Ya sa ɗan aikensa, wani dogon mutum marar fara'a da ake kira Ɗan'ige, ya riƙa zama a bencin gaba kullum. Alhaji Mamman ya tara mu ya ce shi bai damu ba, in an rufe zai cika rumfar da albasa, albasa ba ta taɓa jawo masa sammaci ba.

A cikin wannan hali aka kawo mana wani dogon fim na Ingila, mai kaset da yawa, direban motar Sakkwato yana kawo su ɗaya bayan ɗaya yadda ya samu. A kaset na farko akwai wani tsoho mai yawo da lema, da wani saurayi mai dogon hanci da ke yawan zuwa gidansa, ba sa haɗuwa sai sun yanki juna da magana cikin ladabi. Akwai kuma 'yar tsohon, tana kawo shayi tana wucewa, ba wanda ya kula da ita. Saurayi yana yi wa dattijo gatse, ga Ɗan'ige a bencin gaba, ai ba sai an yi shawara ba. Baba Nomau ya sa wa tsohon suna Kaka Mai-lema, saurayin ya zama Dogo, jikansa na wajen ɗa. 'Yar tsohon kuwa, tunda lissafi ya kama haka, ta zama Gwaggo Hajo. Fim ya karɓu. Mutanen da ruwa ya cinye wa gona suka riƙa zuwa bayan la'asar, don zaman gida ma ba daɗi.

Ranar da kaset ɗin da ya kusa kashe mu ya iso, an ɗauke wuta tun safe, Alhaji kuma ya ce ba zai ƙona mai don mutum biyu su yi kallon gwaji ba. Haka muka sa shi a gaban jama'a ba mu san abin da ke ciki ba. Aka ɗan taɓa shayi, aka ɗan taɓa gatse, sai ga coci. Sai ga Gwaggo Hajo cikin farar riga har ƙasa, Kaka Mai-lema yana riƙe da hannunta. A can gaba kuma wa ke tsaye yana jira, ya sha kwat, ya soke fure a ƙirji? Dogo. Ashe duk zuwan da yake yi gidan ba don tsohon ba ne. Mutanen Argungu sun ga bikin Turawa a fim ya fi a ƙirga, sun san farar rigar nan. A Hausar da muka shimfiɗa musu da bakinmu, yaro zai auri ƙanwar ubansa, a gaban ɗan aiken mai unguwa.

Na dubi Baba Nomau, na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Ya ciro citta ya tauna, ya yi gyaran murya, ya ce cikin natsuwa:

"Jama'a, ku lura da kyau, kada ido shi ruɗe ku. Wanga ba ango na ba. Ango ya yi tahiya, Dogo wakili nai na, shi ka amsam mashi auren gwaggo tai."

Wani daga baya ya ce to, haka ne, ai ango ba ya zuwa wurin ɗaurin aure. Da Dogo ya zura mata zobe, Baba Nomau ya ce sadaki ne ya miƙa a madadin mai shi. Da na ga wakili ya ɗaga mayafin amarya ya sunkuya, na kai faifai da gudun da sai da talabijin ta girgiza. Ɗan'ige bai motsa ba. Aka tashi lafiya, muka rufe ƙofa, Baba Nomau ya zauna a kan buhun albasa ya tambaye ni kaset nawa suka rage. Na ce direba ya ce da saura da yawa.

Daga nan muka shiga bautar angon da babu shi. Baba Nomau ya raɗa masa suna Alhaji Ɗanjimma, ya ce babban ɗan kasuwa ne, ya tafi fatauci ƙasar Indiya, ya bar Dogo ya tsare masa gida. Duk wayar da ta yi ƙara a fim, Alhaji ne yake gaisuwa. Duk kayan da aka kawo gidan, Alhaji ne ya aiko. In Dogo da Gwaggo Hajo suka nufi ɗaki ɗaya, ni in ɗaga faifai, shi kuma ya bayyana wa jama'a cewa yaron kirki ne, gidan sauro yake ɗaura mata. Ban taɓa ganin gidan da ake ɗaura gidan sauro sau da yawa haka ba, har faifaina ya fara zarewa ta gefe. Ga wata wahalar kuma: miji da mata na Ingila ba su da aiki sai gatse, alhali ɗa ba ya wasa da gwaggonsa. Dole duk maganar da ta fi daɗi a fim ɗin Baba Nomau ya mayar da ita ina kwana da sannu da aiki. Wato ya kwashe abin dariyar ya zubar da hannunsa.

Amma abin mamaki, rumfar ba ta taɓa cika irin lokacin ba. Har daga Augie ake zuwa a kan kekuna, Alhaji Mamman ya kwashe albasarsa ya ƙara benci. Kuma ana dariya, irin wadda mutum yake dannewa har kafaɗarsa ta riƙa rawa. In an tashi, dattawa su tsaya a ƙofa su gaisa da Baba Nomau, su tambaye shi labarin ango, ko an ji ranar dawowarsa. Shi kuma ya ce ana sa rai. Su ce Allah ya kawo shi lafiya, su wuce. Mai ƙosai ta bakin ƙofa kullum sai ta tsine wa Alhaji Ɗanjimma, ta ce namijin da zai bar amarya tun ranar ɗaurin aure ba mutum ba ne. Baba Nomau ya rame a makonnin nan, cittarsa ta ninka, amma ana auna hatsi a gidansa.

Kaset na ƙarshe shi ya zo da jariri. Aka nuna Gwaggo Hajo a gadon asibiti, aka matso da fuskar yaron har ta cika talabijin, ga hanci nan zuƙeƙe, ko makaho ya shafa ya san gidan da ya fito. Faifai ba ya maganin wannan. Sai wani tsohon masunci, Baba Arzika, wanda bai taɓa fashin zuwa ba kuma bai taɓa magana ana kallo ba, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Nomau, ni dai tambaya gare ni, ba hwaɗa ba. Wanga jinjiri, mi as sa yak kwaso hancin wakili?"

Baba Nomau ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya girma bai san komai ba.

"Kai ko Arzika, da girmanka. Ba ka san mace mai ciki in ta cika kallon mutum shi taka haihwa ba? Wa anka bari gidan in ba Dogo ba?"

Ɗan'ige, wanda tun da ya fara zama ba mu taɓa jin muryarsa ba, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, an taɓa yin haka a maƙwabtansu. Nan rumfar ta fashe. Wani ya faɗo daga benci, wani ya fita waje yana riƙe da ciki. Fim ya ƙare Alhaji Ɗanjimma bai dawo ba, ƙara ba ta je gaban mai unguwa ba, ruwa ya janye, aka yi noman rani.

Baba Nomau ya yi shekaru bayan haka yana ba da labarin nan. Duk wanda ya zo koyon aiki sai ya ji yadda mutum ɗaya da makirfo ɗaya ya juya garin Argungu kaf, da masuntansu da malamansu, ba wanda ya farga. Ni ma haka na riƙa bayarwa, da ƙari. Ya rasu yana alfahari da wannan fiye da komai da ya yi a duniya.

A zaman makokinsa na samu wuri kusa da Baba Arzika, lokacin ya tsufa ƙwarai, sai an riƙo shi. Don in rage nauyin zaman, na ɗauko masa zancen hancin wakili, na ce marigayi dai ya sha da su. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya kira sunana.

"Sahabi, ashe kai ma jakkai kaɗ ɗauke mu? Tun ranar ɗaurin aure munka gane. In guda yab buɗe baki, dole a kai ƙara, a ruhe gida. Shekaran nan ko ƙwaran shinkahwa babu gidan Nomau."

Na tambaye shi Ɗan'ige fa. Ya ce ai shi ya bi su ɗaya ɗaya a kasuwa ya ce kowa ya riƙe fuskarsa, abin da ba a faɗa ba shi bai ji ba. Na ce to in haka ne, me ya kai shi yin tambayar nan da ta kusa tsayar mana da zuciya? Ya ce wannan kam don daɗi ne, sun so su ga ta ina Nomau zai fita, don tun da Allah ya yi shi bai taɓa kallon abin dariya kamar gumin mutumin nan ba, Turawan cikin akwatin ko kallonsu ba sa yi.

Kunya ta kama ni, ta shekarun da na yi ina ba da labarin a juye, kuma na ji son mutanen nan ya cika mini zuciya. Na yunƙura zan tashi, sai ya riƙo bakin rigata, fuska a ɗaure, ya tambaye ni ko har yanzu ba a ji labarin ango ba. Na ce masa yana hanya. Ya ce Allah shi kawo shi lahiya. Duk dattawan da ke kan tabarmar suka shafa suka ce amin, ba wanda ya yi ko murmushi.